Masu tara tsofaffin littattafan waƙoƙin Metodis, ga inda kuke kwafsawa

Gaskiya na gaji da sabbin shiga da ke turo min hoto suna murna wai sun tsinci bugun farko na littafin waƙoƙin John Wesley, wanda ya kafa cocin Metodis, da araha. Abin da ke ruɗa su gabatarwar John Wesley ce, mai kwanan wata 20 ga Oktoba 1779, alhali an yi ta maimaita ta a bugu bayan bugu shekara da shekaru bayan rasuwarsa a 1791. Na farkon a 1780 ya fito, waƙoƙi 525 ne a ciki. Juya ƙarshen littafin ka duba lambar waƙar ƙarshe: in ta kai 769 to an haɗa da ƙarin waƙoƙin da aka yi a 1831, in ta kai 1,026 na 1876 ne ko bayansa. In kuma ka ga sunan mai buga littafin John Mason da adireshinsa na City Road a Landan a shafin farko, ƙarni na 19 kake riƙe da shi, kuma irinsu sun yi yawa a Ingila, kar wani ya tsuga maka kuɗi.

Amma abin da ya fi ƙona min rai shi ne shafa mai. Haba jama'a! Mutum ya samu littafi mai bangon fatar akuya, gefen takardu ruwan zinariya, da ɗan maƙulli na tagulla, sai ya ɗauko basilin ko man kaɗanya ko man takalmi wai zai raya fata. Ni na ga abin da ya biyo baya a kan nawa, bangon ya yi baƙi yana danƙo, man ya ratsa har hoton Wesley na gaba ya zama tabo, zanen zinariyar kuma ya dusashe, kuma babu mai iya cire shi. Fatar da ke barin jan gari a yatsa ta riga ta ruɓe saboda irin jimar da aka yi mata da hayaƙin fitilun gas na wancan zamani, mai ba ya dawo da ita. Masu gyara suna shafa wani sinadari mai kamar gam da ake kira Klucel G, wanda aka narkar a alkahol, don garin ya kama. Ni dai ba na ma yin wannan, in naɗe shi a farin ƙyalle in kwantar a kwali, shike nan.

Salatif a yagaggen shafi, a'a. Jawo littafi daga kanta ta saman ƙashin bayansa, nan yake fara tsagewa. Ƙulle shi a leda da damina, fumfuna kake gayyata.

Sannan don Allah ku daina goge rubutun da ke shafin gaba, sunan mai shi ko takardar kyautar makarantar Lahadi. Sau da yawa shi kaɗai ne zai gaya maka garin da littafin ya zauna da shekarar da aka saye shi, tunda wasu ƙananan bugun ko shekara ba a sa musu ba.