Yadda ake sauya sufuroket don ƙara gudun babur

Da yawa daga matasan da ke son babur ɗinsu ya ƙara gudu a titin Birnin Kebbi zuwa Jega tun a shagon kayan gyara suke ɓata aikin, domin sai su sayi babban sufuroket (zagayayyen ƙarfen nan mai haƙora da sarƙa ke hawa) na gaba da ƙaramin na baya a lokaci guda, suna zaton gudun zai ninka. Kafin ka sayi komai, ka ƙirga haƙoran da ke jikin naka, ka kuma duba lambar sarƙa, wadda ke nuna girmanta. Ƙananan babura irin na 'yan kabu-kabu galibi 428 suke amfani da ita, kuma sufuroket ɗin da bai dace da lambar ba ba zai hau sarƙar ba.

Lissafin shi ne ka raba haƙoran baya da na gaba. Idan na baya 42 ne, na gaba 14, ka sami 3, wato sai na gaba ya juya sau uku kafin tayar baya ta juya sau ɗaya. Da ka sa mai haƙori 15 a gaba lissafin zai koma 2.8, gudu ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100, don haka babur mai yin kilomita 80 a awa yana iya kaiwa 85. Haƙori ɗaya a gaba kusan daidai yake da rage uku a baya, ga shi na gaban ya fi araha, ya fi saurin kwancewa.

A nan ne ake faɗuwa. Sufuroket ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan, abin da ka samu a gudu daga ƙarfin ja aka cire shi. Wanda ya ƙara haƙori biyu a gaba, ya kuma rage na baya, zai tarar da injin ya kasa buɗe murya a giyar ƙarshe, yana nishi kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da kima, har gudun ya gaza na da. Wajen tashi kuwa sai an daɗe ana riƙe da kuloci, farantansa kuma su ƙone da wuri. Saboda haka haƙori ɗaya kawai za ka ƙara a gaba. Mai ɗauko buhunan shanshera daga fadamar Argungu, ko mai ratsa yashi kullum, ya bar nasa yadda kamfani ya yi shi.

Wajen kwancewa, ka sassauta notin na gaba tun sarƙa tana kai, wani ya taka maka birkin baya, in ba haka ba sai ya yi ta juyawa da sifanar. Idan haƙoran tsohon sun yi tsini sun lanƙwashe, ka sauya sarƙa da sufuroket biyun gaba ɗaya, domin tsohuwar sarƙa cinye sabon ƙarfe take yi. Ka tabbata sabon bai goga murfi ba, rufaffen bakin makullin sarƙa ya fuskanci inda sarƙar take tafiya, sannan ka ja tayar baya har lilon sarƙa ya tsaya tsakanin santimita 2 da 3, ka shafa mai.

Ka gwada shi a miƙaƙƙen titi da irin nauyin da ka saba ɗauka, bayan ka duba birki da tayoyi. Idan giyar ƙarshe ba ta wuce gudun da ta saba ba, ka mayar da 14 ɗinka.