Ƙyanƙyasar tarwada: yadda nake kula da kwana huɗun farko

Masu zuwa wurina a Dadin Kowa koyon ƙyanƙyasar tarwada, kusan dukkansu allura suke fara tambaya. Ita ce kuwa mai sauƙin. Ovaprim, maganin da ke nunar da ƙwai a cikin uwar, rabin mililita ga kowane kilo na nauyinta, ka yi mata da daddare, bayan awa 10 zuwa 12 ka matsa cikinta a hankali ƙwan ya zubo cikin busasshen kwanon roba. Namijin sai an feɗe shi, a ciro jakar maniyyinsa a matse a kan ƙwan. Ka juya da gashin kaza, ka zuba ruwa kaɗan, nan da minti ɗaya ka baza a kan ragar gidan sauro da ke cikin tanki. Kada ka yi nawa, ƙwan yana da danƙo, in ya dunƙule na tsakiya ba zai sami iska ba.

Daga nan sai batun ruwa, kuma nan ne zuciyata take. Ɗumin ruwa shi ke tafiyar da ƙwai. Shawa, kifin nan da muke saya a daskare, can a tekun Atilantika ƙwanta ma mannewa yake a tsakuwa da ciyawar ruwa, amma saboda sanyi yakan kai mako biyu bai fashe ba. Namu na tarwada a digiri 28 na ma'aunin Celsius kwana ɗaya ya ishe shi. Shi ya sa nake roƙon ka, in hunturu ya kama a Disamba da Janairu, kada ka fara sai ka toshe tagogi da leda, kana da ma'aunin zafi a hannu. Ruwan famfo mai kulorin kuma kashe su yake. Na burtsatse ma a bar shi ya kwana a tanki ya sha iska.

Ƙwai mai rai garai-garai yake, kore-kore. Wanda ya yi fari ya mutu. Da zarar ƴaƴan sun sulale ƙasa, ɗaga ragar da mataccen ƙwan ka fitar, domin shi ke ruɓar da ruwa.

Yanzu za ka ga abubuwa kamar zare suna motsi a kusurwa, kowanne da ɗan ƙullin gwaiduwa a ciki. Wannan ƙullin shi ne guzurinsu na kwana uku. Don Allah kada ka zuba abinci, ba za su ci ba, ruwan kawai zai lalace. Ka rufe tankin, duhu suke so, ruwa na shiga yana fita siriri.

A rana ta huɗu, in ka ga sun bazu suna yawo, ka fara ba su atimiya, wato ƙananan halittun ruwan gishiri da ake ciyar da ƴaƴan kifi da su, kaɗan-kaɗan, duk bayan awa uku ko huɗu. Safe da yamma ka zuƙe dattin ƙasa da siririn tiyo, ka tare bakinsa da raga. Bayan mako biyu ka soma ware waɗanda suka yi saurin girma, domin cinye ƙannensu suke yi.