Yadda zaka zaɓi girman mazubin jiƙo in kana haɗa giya a gida

Masu fara haɗa giya a gida yawanci a nan suke tafka asara, mutum ya ce ai lita 20 zan dinga yi, sai ya je ya sayo kula mai cin lita 19 ko 20, ranar jiƙo ya zuba ruwa ya fara zuba ɓarzajjen tsiron sha'ir sai ya ga abu ya cika taf har baki, ko ludayi ba wurin juyawa, murfi ma da ƙyar yake rufuwa. Shi mazubin jiƙo, wato kula ko tukunyar da ake jiƙa hatsi cikin ruwan zafi a ciki, ba da yawan giyar da zaka samu ake auna shi ba, da nauyin hatsin da zaka jiƙa ne.

Lissafin ba wuya. Kowane kilo na tsiro yana son ruwa lita 2.5 zuwa 3, sannan shi kansa hatsin in ya shiga ruwa yana cin wurin kusan lita 0.7. To ka ɗauka giya ce mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, lita 20, zaka buƙaci tsiro kamar kilo 5. Ruwa lita 15 kenan, hatsi ya ci lita 3 da rabi, kaga har ka kai 18 da rabi tun baka motsa komai ba. In kuma ranka ya biya ka yi mai ƙarfi wadda take cin kilo 9, ruwa kaɗai lita 27 ne, da hatsi ka haura 33, ita ƙaramar kular nan ko maganarta ma ba'a yi.

Kuma fa kar ka manta da ƙarƙashin rariya. Wannan faifan mai huji-huji da ake sawa a gindin mazubi don ya tare dusa, ruwan da yake kwanciya ƙasansa baya taɓa hatsi amma wuri yake ci, wani lita ɗaya wani ya fi haka. Zuba ruwa da kofin awo har sai ya taɓo rariyar ka rubuta abinda ka samu, ka ƙara a lissafi. Sai ka bar kamar kashi ɗaya cikin biyar na mazubin ba komai, saboda juyawa, da kuma in zafi ya sauka kana son ƙara tafasasshen ruwa ka dawo da shi.

Yanayin tacewarka ma yana da magana. Mai yayyafa ruwan ɗauraya, wato ruwan zafin da ake wanko sauran zaƙin hatsi da shi bayan jiƙo, a hankali ta sama yana tsiyayewa ta famfo a ƙasa, shi ƙaramin mazubi ma zai iya lallaɓawa da shi. Amma in kai mai zuba ruwan gaba ɗaya ne lokaci guda, ko mai jiƙo cikin jakar raga a tukunya ɗaya, to ruwanka zai haura lita 30 tunda hatsi yana shanye kusan lita guda a kowane kilo kuma tafasa zata ƙone wani, don haka tukunyar da bata kai lita 40 ba wahala kawai zata baka.

To sai wani ya ce bari kawai in sayi ƙato in huta, a'a shima da nasa. Jiƙo so ake ya zauna tsakanin digiri 65 zuwa 68 a ma'aunin Celsius na kusan awa ɗaya don sitaci ya juye ya zama sukari, in iska ta yi yawa a sama tsakanin ruwa da murfi zafin guduwa yake yi, ka leƙa bayan rabin awa ka tarar ma'auni ya sauka. Na biyu kuma hatsin da kansa shine matacin, in mazubi ya cika faɗi sai ya baje ya yi siriri a ƙasa, ruwa ya huda hanya ɗaya ya wuce ya bar zaƙi a baya kuma ya fito da gurɓi-gurɓi. Shi yasa doguwar kula mai zagaye ta fi mai faɗi kamar akwati daɗin aiki in hatsin kaɗan ne.

Ni dai a ganina mai yin lita 20 ya sayi mai cin lita 38, wadda a Amurka suke kira ta galan 10, zata ɗauki giya mai sauƙi da mai ƙarfi duka, in dai ka tsaya a ruwa lita 2.5 a kowane kilo wajen mai ƙarfin. Ranar da hatsin bai da yawa ka fara ɗumama ta da ruwan zafi na minti 10 ka zubar, bayan ka jiƙa ka shimfiɗa takardar alminiyam kai tsaye a kan jiƙon kafin ka rufe. Mai yin lita 10 ko ƙasa kuwa ta lita 19 ɗin ta ishe shi har da ragi.