Yadda Magidanci Zai Bi Batun Bitamin D Idan Haihuwa Ta Yi Jinkiri

Idan ma'aurata suka shekara guda suna tare ba tare da tsarin iyali ba kuma ciki bai samu ba, likitoci kan ce lokacin bincike ya yi, kuma a kusan rabin irin waɗannan gidaje akan tarar namiji yana da hannu a matsalar. A 'yan shekarun nan bitamin D ya shiga bakin mutane a Birnin Kebbi da Argungu, har wasu na sayensa a kemis tun ba su ga likita ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin an gano cewa 'ya'yan maraina da ƙwayoyin maniyyi suna da kafar karɓar wannan sinadari, kuma akan ga maza masu ƙarancinsa maniyyinsu ba ya motsi yadda ya kamata. Sai dai a wani gwaji da aka yi a Danmak kan maza 330, wanda aka wallafa a 2018, an ba wani kaso daga cikinsu bitamin D da kalsiyam na kwana 150, amma a jimlace ingancin maniyyinsu bai fi na waɗanda ba a ba su ba. Saboda haka a ɗauke shi a matsayin gyaran giɓi, ba maganin rashin haihuwa ba.

Da awon maniyyi ake farawa, ba da ƙwaya ba. Maigida zai ƙaurace wa iyalinsa na kwana 2 zuwa 7, ya karɓi kwalbar da ɗakin gwaji ke bayarwa, sannan ya tabbata samfurin ya isa cikin awa guda, a aljihun riga kusa da jiki, ba a ƙarƙashin kujerar babur inda zafi zai lalata shi ba. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana son a ga aƙalla ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, kuma kashi 42 cikin ɗari suna motsi. Idan sakamakon farko bai yi kyau ba akan maimaita, domin zazzaɓi mai zafi kaɗai na iya rage adadin na ɗan lokaci. A nan ne da yawa ke ruɗuwa: ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, lafiyar maniyyi daban, kuma babu mai gane ta biyun da ido.

Daga nan sai a nemi likita ya rubuta awon bitamin D a jini. Likitoci da dama suna ɗaukar ƙasa da nanogiram 20 a mililita a matsayin ƙaranci. Tunda fata na samar da bitamin D idan hasken rana ya taɓa ta, wani zai ce ina ruwan mutumin Kebbi da wannan, ga rana har ta yi yawa? Ga manomin shinkafa a fadama haka ne, amma ma'aikacin da ke fita cikin babbar riga da hula, ya shiga mota, ya wuni a ofis har la'asar, fatarsa ba ta ganin rana sosai. Baƙar fata tana buƙatar lokaci fiye da fara kafin ta samar da sinadarin, kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya yin aikin. Abin yi shi ne a zauna a tsakar gida da singileti, hannuwa da ƙafafu a buɗe, kamar minti 20 zuwa 30 idan hantsi ya ɗaga, sau da dama a mako. A abinci kuwa, kifi mai maiƙo irin su titus da sadin, da gwaiduwar ƙwai, da hanta suna taimakawa.

Idan awo ya nuna ƙaranci, likita ne zai yanke yawan ƙwayar da za a sha. Buƙatar baligi a rana IU 600 ce (IU shi ne ma'aunin bitamin da ake rubutawa a kwalin maganin), kuma bai kamata a wuce 4,000 ba sai da umarninsa, saboda sinadarin yana taruwa a jiki, yawansa kuma yana hauhawar da kalsiyam a jini har ya kawo tsakuwar ƙoda. A yi haƙuri da lokaci, domin ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta nuna, don haka sai bayan wata uku ake sake awo.

Kada zancen bitamin ya sa a manta da manyan dalilai. A faɗa wa likita idan an taɓa yin ciwon sanyi, ko hangum bayan balaga, ko kumburin jijiyoyin maraina, ko fitsarin jinin tsargiya, wadda sananniya ce ga waɗanda suka tashi suna wanka a gulbi a Yawuri da kewaye. A bar taba da tiramol, a kuma guji allurar testostiron da wasu ke yi don ƙarin kuzari, domin ita tana dakatar da samar da maniyyi ne. Ranar zuwa asibiti a tafi tare da uwargida, a riƙe takardun duk awon da aka taɓa yi da kwalayen magungunan da ake sha, har da na gargajiya.