Darasi na 7: Bashi, rance, aro da lamuni

To jama'a, yau kalma ɗaya za mu zauna a kanta, wato bashi, don kusan babu wanda ya kai shekarunmu bai taɓa ci ko an ci nasa ba, shi ya sa ma ake cewa bashi hanji ne yana cikin kowa. Bashi shi ne duk wani haƙƙi da ke wuyanka wanda sai ka mayar wa mai shi, kuɗi ne ko kaya. Jam'insa basussuka.

Mu fara da rubutu tunda shi ya tara mu. Bashi a haɗe ake rubuta shi. In ka raba ka rubuta "ba shi" ka koma wata magana daban, wato miƙa masa. Ku duba wannan jimlar: Ba shi bashi. Kalmomi uku ne, na farko da na biyu umarni ne, na ukun shi ne abin da za a bayar. A saƙon waya mutane da yawa suna haɗe su duka, sai ka ga an rubuto "bashi kuɗin" ka rasa biya ake nufi ko ci.

Sai wurin da ɗalibai suka fi rikicewa, wato wa ke bin wa. Bahaushe "cin" bashi yake yi, shi kuma mai kuɗin "bi" yake yi. In na ce ina bin ka bashi, kuɗina ne a hannunka. In na ce ana bi na bashi, ni ne zan biya. A baki ba mai kuskuren nan, amma da an ɗauki biro sai ka ga mutum ya rubuta "ina bin wane" alhali shi ake bi, to ka ga in takardar ta je gaban shaidu ya juyar da maganar gaba ɗaya.

Yanzu 'yan uwan kalmar. Mutane suna ɗauka duk ɗaya ne, ni kuwa ban yarda ba, don kowace tana faɗin irin abin da za a dawo da shi.

Aro shi ne ka karɓi abu ka yi amfani da shi ka dawo da shi ɗin dai, ba waninsa ba. Ka ari tsani ka hau ka gyara rufi, tsanin nan za ka mayar, in ka karya taki ɗaya kuwa sai ka gyara ko ka ba da haƙuri. Ana cewa ara mini biro, na aro littafi. Rance kuma abin da ka karɓa ƙarewa zai yi a hannunka, sai ka mayar da kwatankwacinsa. Kuɗin da aka ranta maka ai kashe su za ka yi, ba wanda zai ce sai takardun da ya ba ka masu lamba kaza, adadin kawai yake so ya cika. Haka in katin wayarka ya ƙare ka ranta daga kamfani, in ka sa wani su cire. Shi ya sa "ranta mini kuɗi" ta fi zama daidai, ko da yake za ka ji masu cewa "ara mini kuɗi" kuma kowa ya gane, wani lokacin ma kunya ce ke sa a ce aro don ta fi sauƙin fita a baki.

To mene ne bambancin rance da bashi? Duk rance bashi ne, amma ba duk bashi ne rance ba. Ka ɗauki kaya ba ka biya ba, bashi ne. Ka sa mutum aiki ya gama ba ka sallame shi ba, yana bin ka bashi duk da bai ranta maka komai ba. Har abin da ba kuɗi ba ana cewa bashin azumi, bashin barci, ko aboki ya ce ina bin ka bashin ziyara.

Lamuni kalma ce da ta fi yawa a banki da labarai. Asalinta yarda ce da tsayawa, a lamunce maka ka ɗauka ka biya daga baya, ko wani ya tsaya maka cewa in ka gaza shi zai biya. A rediyo za ku ji Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda aka amince da kafa shi a taron Bretton Woods a Amurka a 1944, yana ba ƙasashe rance. Shi kuma abin da ake ɗorawa a kan uwar kuɗi sunansa kuɗin ruwa. Jingina ita ce kadarar da ka ajiye wa mai bin ka don hankalinsa ya kwanta, ka biya ka karɓi abinka. Kada a haɗa ta da ajiya, ita ajiya amana ce, ba a taɓa ta.

Maganar rubuta bashi ba sabuwa ba ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan haka ta sauka, a rubuta bashi da wa'adinsa, a kafa shaidu, kuma wanda ake bi shi ne zai faɗi abin da za a rubuta. Ta 283 ta kawo jingina ga matafiyan da ba su sami marubuci ba.

Aikin gida: kowa ya rubuta takarda a littafinsa kamar haka, "Ni wane na karɓi rancen kuɗi kaza daga hannun wane, zan biya ranar kaza ga watan kaza", a sa adadin da lambobi sannan a sake rubuta shi da kalmomi don kada wani ya ƙara sifiri, a bar wurin sa hannu da na shaidu 2. Sannan a yi jimla ɗaya da aro, ɗaya da rance, ɗaya da "ba shi" a rabe, a zo da su zama na gaba.