Ga masu zuwa kudancin Aisilan

Jama'a, in kun taso daga Reykjavik, babban birnin ƙasar, kun isa Seljalandsfoss, inda ruwa ke zubowa daga saman dutse, kada ku ɗauki hoto ku juya. Ku ƙara taku kaɗan zuwa Gljúfrabúi, wani ruwa ne da ke zubowa a ɓoye cikin tsagin dutse. Ta cikin rafi ake shiga, ana taka duwatsu masu santsi, don haka a sa takalmin roba da rigar ruwa, waya kuma a cusa ta a leda. Ni da na yi gardama, sharkaf na fito.

Tsaunin ƙanƙara na Sólheimajökull kuwa kada ku hau ba jagora, akwai ramuka masu zurfi. A Disamba hasken rana awa 4 zuwa 5 ne kacal, sai a yi sammako.