Yadda Ake Saka Kalmomin Waƙa da Alamar Gyara a MuseScore

Ga masu shirya wa kwaya takardar waƙa a Jos. MuseScore manhaja ce ta rubuta notocin waƙa a kwamfuta.

1. Taɓa nota ta farko a layin soprano, ka danna Ctrl+L.

2. Rubuta gaɓa ɗaya-ɗaya. Cikin kalma ka raba da karan ɗori: "Al-ba-r­ka" kuskure ne, "Al-bar-ka" ake so. Kalma ta ƙare, danna Space.

3. In an ja gaɓar ƙarshe a kan notoci da yawa, kamar "min" ta "Amin", danna _ sau ɗaya ga kowace nota. Baiti na biyu kuwa, koma nota ta farko ka sake danna Ctrl+L.

4. Duba ƙ, ɗ da ɓ. Wani font ba ya da su, sai ka ga akwati. Canza shi tun kafin bugawa.

5. Shaf ko filat (alamar ɗaga ko sauke sautin nota) da kai ka ƙara, wanda babu a tsohuwar takardar, kada ka bar shi tsirara. Taɓa shi, buɗe Properties, zaɓi baka mai kusurwa [ ]. Baka mai lanƙwasa ( ) ta tunatarwa ce kawai, don alto kada su manta. Malamin kwaya na da haƙƙin sanin inda hannunka ya shiga.